Fashin baƙi: Sai ka yi magana kamar Bature ne za a ce ka iya Turanci?

Duk ranar da wani ɗan Arewa mai muƙami ya tsaya yin jawabi da Turanci, akwai waɗanda suka kasa kunne suna jiran harshensa ya zame. Da zarar "people" ta fito kamar "fiful", sai a yanke wurin a watsa a kafafen sada zumunta, kafin la'asar an gama yanke masa hukunci cewa bai yi boko ba. Abin da ya faɗa a sauran mintuna ashirin na jawabin kuwa ba wanda ya tsaya a kansa. A gefe guda kuma, iyaye a Kano da Kaduna da Abuja suna biyan ƙarin kuɗi a makarantun kuɗi domin a koya wa 'ya'yansu karya harshe irin na Turawa, don kada gobe a yi musu irin wannan dariyar.

Shin akwai lafazin Turanci guda ɗaya tilo da shi ne daidai, sauran duk kuskure? Idan akwai, na wa ne? Idan kuma babu, kowa zai furta yadda ya ga dama ke nan?

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne lafazi, wato launin da ke cikin maganar mutum wanda yake nuna inda ya tashi. Mu Hausawa ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Basakkwace zai ce "hwara", Bakano ya ce "fara", kuma babu mai hankalin da zai ce ɗaya daga cikinsu bai iya Hausa ba. Kowa yana da lafazi, har wanda yake ganin shi ba shi da shi.

Na biyu shi ne furuci, wato fitar da kowane sauti daga mafitarsa ta yadda kalma ba za ta rikiɗe ta koma wata ba. Bature mai koyon Hausa da ya ce "kafa" alhali "ƙafa" yake nufi, ko "bata" a maimakon "ɓata", ya yi kuskuren furuci, domin ma'ana ta sauya.

Na uku shi ne fahimta: mai sauraro ya gane abin da aka faɗa ko bai gane ba? A 1995 wasu masana biyu a Kanada, Murray Munro da Tracey Derwing, sun sa Turawa sun saurari 'yan China suna magana da Turanci, suka ce su rubuta abin da suka ji, sannan su auna nauyin lafazin kowane mai magana. Sai aka ga sau da yawa wanda aka ce lafazinsa ya yi nauyi ƙwarai, an rubuta maganarsa daidai kalma bayan kalma. Ashe nauyin lafazi daban, wahalar fahimta daban. Yawancin gardamar da muke yi ta samo asali ne daga haɗa waɗannan biyun a tukunya ɗaya.

## Me ya sa harshen Bahaushe yake yin haka?

Matsalar daga kunne take farawa tun kafin ta iso baki. Binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984 ya nuna cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya riga ya daidaita da harshen gidansu. Sautin da ba ya raba ma'ana a harshen uwa, kunne yakan daina kula da shi.

A Hausa babu kalmomi biyu da "p" da "f" kaɗai suka raba su. Sauti ɗaya muke da shi a wurin, wanda ake yi da leɓɓa biyu, wani ya furta shi kusa da "f", wani kusa da "p", Hausawan yamma irin su Sakkwatawa kuma su mai da shi "hw" ko "h". Don haka tun zuwan Turawa kakanninmu suka karɓi kalmominsu suka sa musu rigar gida: famfo, fensir, fenti, fasinja, fetur, dukkansu da "p" suka fara a Turanci. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ɗalibin da aka tsawata wa ya daina cewa "fiful" yakan wuce gona da iri ya ce "pish" a wurin "fish". Ya san akwai sautuka biyu, amma kunnensa bai nuna masa wanne ne na ina ba.

Haka "v" take komawa "b", kamar yadda muka samu direba da talabijin. Sai kuma tsarin gaɓa. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere babu wasali a tsakani, Turanci kuwa ya cika da su, shi ya sa muke cusa wasali: burodi, birki, sukudireba, filanki.

Labarin "th" ya fi ba ni sha'awa, domin ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Sautin farkon "think" shi ne harafin ث na Larabci, na farkon "this" kuma shi ne ذ. Yadda muka mai da su "s" da "z" a Turanci, haka muka yi musu a Larabci tun da can: Usman, hadisi, zikiri. To amma ga abin lura. Yarinyar da ta yi tajwidi a Islamiyya tana fitar da waɗannan haruffa biyu daga makhrajinsu tsaf, harshe tsakanin haƙora, da yamma. Washegari da safe a ajin Turanci sai ta ce "sink" a wurin "think", saboda babu malamin da ya taɓa gaya mata cewa sautin da ake nema tana da shi a bakinta tun tana izu biyu.

Rubutun Turancin ma yana da nasa laifin. Haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, kuma a lafazin da littattafanmu suke bi wasula kaɗai sun kai 20. Bokon Hausa kuwa kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. Wanda ya saba da wannan gaskiyar ta rubutu, dole ya furta "b" da ke cikin "debt" da "t" da ke cikin "listen", don bai ga dalilin da za a rubuta harafi a ce kada a karanta shi ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Balarabe yana mai da "p" ta zama "b", Bajamushe yana mai da "w" ta zama "v", ɗan Japan yana fama da "r" da "l", Bafaranshe kuma yana cewa "zis" daidai yadda Bahaushe yake cewa. Sai dai shi idan ya faɗa, ana cewa lafazinsa yana da daɗin ji.

Kuma akwai inda Hausa take ba mu rinjaye. Mun saba raba dogon wasali da gajere, kamar garin da ake zama da garin da ake tuwo. Wannan yana taimaka wa Bahaushe ya raba "ship" da "sheep" cikin sauƙi, abin da yake ba masu harsuna da yawa wuya. Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambancin furuci a Turancin Najeriya, kuma ya nuna cewa Turancin Hausawa da na Kudu kowanne yana da nasa tsarin.

## Turancin wa ne na asali?

Lafazin da ake koyarwa a makarantunmu a matsayin "daidai" shi ne wanda ake kira RP a taƙaice, ko Turancin BBC. Ya taso ne a ƙarni na 19 a makarantun kwana na 'ya'yan masu hali a kudancin Ingila, Daniel Jones ya tsara shi a ƙamus ɗin furuci a 1917, gidan rediyon BBC kuma ya yaɗa shi. Ƙiyasin da aka fi ambato, na masani Peter Trudgill, shi ne kusan kashi 3 cikin 100 na mutanen Birtaniya ne suke magana da shi. Sauran kowa da nasa: na Liverpool daban, na Glasgow daban, na Newcastle daban, kuma akwai 'yan Landan da yawa da suke cewa "fink" a wurin "think". A 1941, da BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire a arewacin Ingila, ya karanta labarai da lafazin garinsu, masu sauraro sun yi ta aika ƙorafi. Wato raina lafazin mutumin arewa tsohuwar cuta ce har a ƙasar masu harshen.

Yanzu kuma harshen ya fi ƙarfin masu shi. Ana ƙiyasta masu magana da Turanci a duniya sun kai biliyan ɗaya da rabi, waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa kuwa kusan miliyan 400 ne. A 1985 Braj Kachru, masani ɗan asalin Indiya, ya kasa su zobe uku: na ciki irin su Birtaniya da Amurka da Ostareliya, na tsakiya irin su Najeriya da Ghana da Indiya da Kenya, inda mulkin mallaka ya bar Turanci a kotu da makaranta, sai na waje irin su China da Brazil da Turkiyya, inda ake koyonsa don hulɗa da duniya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je Guangzhou ko Dubai sayen kaya, da wa yake ciniki da Turanci? Da ɗan China, da ɗan Pakistan, da Balarabe. Zai iya shekara goma yana wannan safarar bai yi magana da mutumin Ingila ko sau ɗaya ba.

Masu ƙamus ma sun sallama. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "okada" da "danfo" da "Kannywood".

## To ina batun Tafawa Balewa?

Da an fara wannan magana sai wani ya kawo Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare. Gaskiya ne, duk wanda ya saurari jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya na ranar 7 ga Oktoba 1960 ya san an yi mai magana. Sai a ce, tunda shi ya iya, me ya hana na yanzu?

A duba inda ya fito. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ɗalibai kaɗan take ɗauka, zaɓaɓɓu daga larduna, malamai Turawa suna tsaye a kansu, kuma an ba magana da baki muhimmanci ƙwarai. Bayan haka ya yi shekara guda a Jami'ar Landan daga 1945. Yau kuwa aji mai ɗalibai ɗari a makarantar gwamnati ba abin mamaki ba ne, malamin da kansa bai taɓa samun wanda ya gyara masa furuci ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jarrabawar. Ɓangaren furuci na WAEC a Najeriya tambayoyi 60 ne na zaɓi-ka-cike. Yaro zai haddace alamomin sauti, ya ci jarrabawar magana, ba tare da wani ya taɓa jin muryarsa ba.

Kuma a sake sauraren Balewa da kyau. Ba ya gaggawa, yana ba kowace kalma haƙƙinta, yana tsayawa inda ma'ana ta tsaya. Wannan natsuwar ita ce rabin abin da ya sa ake jin daɗin maganarsa, kuma ba ta buƙatar malami daga Ingila.

## Abin da ya cancanci gyara

Wanda ya ce tunda lafazi ba laifi ba ne kowa ya furta yadda ya so, shi ma ya kauce. Ma'aikaciyar jinya da ba ta raba "pill" da "fill", ko akawun da "fifteen" da "fifty" suke fita iri ɗaya a bakinsa, suna iya jawo ɓarna ta gaske.

A shekarar 2000 Jennifer Jenkins, wata masaniya a Birtaniya, ta bibiyi hirarraki tsakanin mutanen da dukkansu Turanci ba harshen uwarsu ba ne, tana neman inda fahimta take yankewa. Abin da ta fitar yana da amfani gare mu. Kusan dukkan baƙaƙe dole a raba su, don haka "p" da "f", da "b" da "v", aiki ne da ba makawa. Tsawon wasali ma dole ne. Baƙaƙen da suka jeru a farkon kalma kada a yar da ko ɗaya, kuma cusa wasali a tsakaninsu, irin yadda muke yi, bai kai yar da harafi illa ba. Sai kuma danna murya a kan kalmar da ta fi muhimmanci a jimla. Amma "th", wadda malamai suke kashe makonni a kanta, ta gano da wuya take hana fahimta.

Harkar jiragen sama ta riga ta yi aiki da wannan hikimar, kuma can kuskuren ji yana iya cin rayuka. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, matuƙi yana cewa "tree" ne a wurin "three", "tousand" a wurin "thousand", "fife" a wurin "five". Matakin Turanci na huɗu da hukumar ta wajabta wa matuƙan ƙasa da ƙasa ya yarda a ji tasirin harshen uwa a maganar mutum, muddin ba ya yawan hana fahimta.

Gyaran "p" da "f" kuwa ba ya cin ko sisi. Lokacin da nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, akwai ɗalibar da ta karanta "pull" ta fito "full", aji ya fashe da dariya, ta zauna ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta. Sati uku ba ta sake ɗaga hannu ba, alhali ita ce ta fi kowa iya rubutu. Ranar da na zo da 'yan yankakkun takardu na raba musu, na ce kowa ta riƙe tata a gaban baki. A rufe leɓɓa ruf a sake su da ƙarfi, takarda ta yi tsalle: wannan "p" ce. A ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a hura a hankali, takarda ta ɗan karkata kawai: wannan "f" ce. Ajin ya cika da hucin iska da tsallen takardu, kuma a nan aka gane fiye da rabin masu dariyar su ma ba su raba sautukan. Ita kuwa ta kama kafin a buga ƙararrawa, ko da yake sai da aka yi watanni kafin abin ya zauna mata a magana ta yau da kullum.

## Masu ja da wannan ra'ayi, da laifin mai sauraro

Akwai malamai da iyaye da ba su gamsu ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ɗalibi yana buƙatar abin koyi tsayayye, in an ce masa kowane lafazi daidai ne zai rasa inda zai dosa. Wasu masana sun ce mutanen da Jenkins ta yi nazari a kansu ba su da yawan da za a gina dokar duniya a kai. Hujja mafi nauyi ita ce ta rayuwa: masana su faɗi abin da suke so, amma mai ɗaukar aiki a banki a Legas ko a asibiti a Manchester yana yanke hukunci a minti na farko, kuma ɗan talaka ne zai biya kuɗin wannan falsafar.

Bincike ya tabbatar da tsoronsu. A 2010 Shiri Lev-Ari da Boaz Keysar na Jami'ar Chicago sun nuna cewa magana ɗaya, idan mai baƙon lafazi ya faɗe ta, masu sauraro sukan rage yarda da gaskiyarta. Tun kafin nan, a 1992, Donald Rubin ya kunna wa ɗalibai a Amurka lacca da muryar wata Ba'amurkiya. Wasu ya nuna musu hoton farar mace a matsayin mai maganar, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga hoton 'yar Asiya sun ce sun ji baƙon lafazi, kuma sun fi kasa tuna abin da aka faɗa, alhali muryar ɗaya ce.

A ganina wannan binciken na Rubin yana yanka ta gefe biyu. Ya nuna wariyar gaskiya ce. Ya kuma nuna cewa ko ka karya harshe har ya yi laushi, wanda ya riga ya raina ka daga ganin fuskarka ko hularka zai ji abin da ya yi niyyar ji. Fahimta kaya ce ta mutum biyu, mai magana ya ɗauki gefe, mai sauraro ya ɗauki gefe. António Guterres yana jagorantar Majalisar Ɗinkin Duniya da lafazin Fotugal, Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabantar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2021 da lafazin Najeriya da ba ta ɓoye shi, kuma duniya tana kasa kunne saboda tana buƙatar abin da za su faɗa.

## Yadda abin ya shafi mai neman na kansa

Ga mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don karatu ko aikin jinya a waje, furuci ɗaya ne daga ma'auni huɗu na ɓangaren magana, tare da saurin zubowar magana, da yawan kalmomi, da nahawu. Abin da ake aunawa shi ne sauƙin fahimtarka. Babu maki na musamman don kwaikwayon mutumin Landan, kuma wanda ya ƙaƙaba wa kansa baƙon lafazi yakan haɗiye ƙarshen kalmomi ya ƙara rikita mai jarraba shi. Tsarin auna harsuna na Turai ma, a gyaran da aka yi masa a 2018, ya cire "kamar ɗan asalin harshe" daga ma'aunin furuci ya sa fahimta a wurin.

Sabuwar matsalar ita ce na'ura. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2020 ya gwada manhajojin mai da magana rubutu na Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, ya ga suna kuskuren kusan kashi 35 cikin 100 na kalmomin baƙaƙen fatar Amurka, na farare kuma kashi 19. Waɗannan fa Amurkawa ne haifaffu. Na'ura tana gane irin muryoyin da aka horar da ita da su ne, kuma yanzu an fara ba ta aikin tantance masu neman aiki da saka makin jarrabawar magana. Wani kamfani a Amurka mai suna Sanas ma yana sayar da manhajar da take sauya lafazin ma'aikatan amsa waya na Indiya da Filifin nan take, don ya yi kama da na Amurkawa.

Ga iyaye kuma, kafin a biya kuɗin darasin karya harshe, a zauna da yaron a ba shi labari ya karanta da ƙarfi, sannan a rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya karanta, da Turanci, sannan da Hausa. Idan muryar ta fito kamar ta rediyo amma ya kasa maimaita labarin, kuɗin ya fi dacewa da littattafan karatu da malamin da zai zauna ya saurare shi yana magana.